Turakun Nomau

Bana marka ta kama da wuri. Yau kwana shida ban ga rana da idona ba, gero ya kwanta a gonakin tudu, itacen girki ya jiƙe har sai an sha hura wuta ana hawaye kafin tukunya ta tafasa. Jiya da hantsi jikokina suka dawo daga bakin gulbi da laka har cinya, suna cewa ruwan Rima ya kai wuyan datsi. Na tambaye su ko sun sari alamar gidanmu a jikin turakun da suka kafa. Suka kwashe da dariya, wai tsohuwa har yanzu tana tsoron a sace mata itace. Na ƙyale su. Ba su san shekarar da nake tunawa ba, don a lokacin uwarsu ma tana goye a bayana.

Ƙauyenmu yana bakin fadama ne, tsakanin Goronyo da Wurno. Akwai wani tafki da gulbi ke cikawa duk damina. Gonar shinkafar Magaji, wato mai garinmu na wancan lokacin, tana bakin tafkin ta sama. Gonakin sauran jama'a kuwa suna gangare. Abin da ya raba mu da ruwan shi ne datsi, dogon tudun ƙasa da muke tayarwa da gayya kowace bazara. Kowane gida da nasa yankin. A kafa turaku, a ɗaure su da igiyar rama, a saƙa kara da ciyawa, sannan a zuba ƙasa a daddanne da ƙafa.

Itace mai ƙarfi babu shi a fadama. Sai maza sun yi tafiyar kwana biyu zuwa bakin dajin Gundumi, su saro marke, su ɗoro wa jakai, suna tafe suna waige saboda mahara. Shi ya sa turke a wurinmu ba abin wasa ba ne. Kowane gida yana sarar alamarsa a jikin nasa, in ruwa ya janye da kaka a tumɓuke, kowa ya kwashi kayansa ya jingine sai baɗi.

Mijina sunansa Nomau. Duk zamanmu ban taɓa kiran sunan nan a gabansa ba, amma yanzu ba ya raye, ni kuma na tsufa, kuma sunan ne aka so a ɓata, don haka zan faɗe shi son raina. Mutum ne da bai iya rabin aiki ba, bai kuma iya dogon zance ba. Ni kuwa Allah ya haɗa mini bakina da nasa ya ba ni. Alamarsa sara biyu ce a jere, ta uku a karkace ta hagu, don bahago ne. Gindin turakun ni nake babbake su a murhuna saboda gara. Gonar da muke nomawa a bayan datsin ta ubana ce, gado na ci.

Bazarar shekarar nan ta yi zafin da ban ƙara ganin irinsa ba. Ƙasar fadama ta tsage har ƙafar akuya na faɗawa ciki. Ranar gayya mun fito tun da asuba, maza da galma da kwando, mu mata da tulu da ƙwaryar fura, mai ganga yana bin layi yana zuga duk wanda bayansa ya fara miƙewa. Kafin azahar furar ta yi tsami, ruwan tulu ya yi ɗumi, amma ba wanda ya zauna. Sauran gidaje sun gama a kwana uku. Nomau ya ƙara na huɗu shi kaɗai, yana bin turakunsa ɗaya ɗaya yana girgizawa. Na yi masa tsiya a ranar, na ce ko ɗakin kwana yake ginawa.

Ruwa ya sauka da kyau da farko. Muka yi shuka, muka yi noman farko, muka yi maimai. Dawa ta kai ƙirji, wake ya yaɗu, gero ya fara ciki. Sai marka ta zo ta ƙi tafiya. Kwana da kwanaki ana yayyafi, tufafi ba sa bushewa, bangon ɗakuna yana zubewa, kwaɗi har cikin madafa. Tafki ya cika ya batse, kuma tun da datsi ya ƙi ba shi hanya, sai ya koma baya ya hau gonar Magaji. Kowa ya ga shinkafarsa ta nutse sai ɗan kan ganye. Mu dai muna addu'a datsi ya riƙe.

Wata safiya muka tashi da wani irin ƙugi daga gangare. Da muka fita, babu gona ko ɗaya, jan ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kan dawa yana leƙowa nan da can. Datsi ya ɓalle, kuma a daidai yankin gidanmu ya ɓalle. Babu turke ko guda a wurin. Nomau ya tsaya cikin ruwa har gwiwa yana kallon giɓin. Kafin kwana biyu ruwan ya sauka daga gonar Magaji, shinkafarsa ta miƙe kore shar.

Bayan mako guda jakada ya zo daga Wurno don ya ji yadda aka yi gari guda ya rasa amfanin shekara. Aka tara mutane a ƙofar gidan Magaji, mu mata muna bayan danga muna saurare. Da kunnena na ji Magaji ya ɗaga murya ya ce:

"Yankin Nomau na ruwa yac ci. Turaku huɗu kaɗai yak kahwa, sauran ƙasa ta yaz zuba bisa banza. Ni da kaina nig gani, niy yi mai magana, bai jiya ba."

Nomau ya waiwaya yana neman mai ba shi shaida. Mutanen da suka ga ya ƙara kwana a kan aikin suna nan zaune, kowa ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da tsinke. Jakada ya ci kazarsa ya hau hanya. A ranar Magaji ya karɓe gonar ubana, wai horo ne don kada wani ya sake wasa da aikin gayya.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi, amma ba ya barina. Tsohon hatsi ya ƙare kafin sabo ya zo, sabon kuma yana ƙarƙashin ruwa. Muka cinye iri. Muka koma kan dusa, da ta ƙare muka koma kan tafasa da rama, a dafa a matse a ci ba ƙuli ba gishiri. Da safe in shiga tafki har ƙugu in tono bado, ƙafafuna su fito fari fat, duk matsattsaku. Da yamma in sauya wa anza ruwa, don sai ta kwana uku a jiƙe kafin ɗacinta ya ragu. Kifi akwai shi, amma cikin da ya saba da tuwo ba ya jin kifi, ga zazzaɓi da gudawa sun shigo gari. Yara suka kumbura, gashinsu ya yi ja. Nonona ya ƙafe, 'yar da ke bayana ta daina ma kuka.

Yunwar ta kowa ce, amma mu an ƙara mana da wani abu. In Nomau ya yi sallama a majalisa, sai zance ya mutu. Yara suka sa masa waƙa, mai turke huɗu. Maƙwabciyata Hantsi, wadda muke ɗibar wuta a murhun juna tun ina amarya, ɗanta ya rasu cikin markar nan. Da muka je gaisuwa ta dubi Nomau ta ce lalacinsa ne ya kashe mata yaro. Daga ranar ya daina fita sai masallaci. Ya zauna a bakin ɗaki yana tufka igiyar da ba wanda zai saya. Na tsani Magaji a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushin mijina ma, don shirunsa ya sa har ni na fara tambayar kaina ko turakun huɗu ne.

Da kaka ta yi, gari duka gona ɗaya ce ta yi albarka. Magaji ya sa aka yi shela mata su zo bugu da shiƙar shinkafa, a ba kowace abin da za ta kai gida. Na rantse ba zan je ba. Na kwana biyu a kan rantsuwata, a na uku yunwa ta sa na yi kaffara a zuci na ɗauki faifaina.

An kafa sabuwar rumfa a masussukarsa don a tara dammuna. Da rana ta take, na shiga inuwarta na zauna in ba yarinya nono, na jingina da turke. Hannuna ya kai baya don in gyara zama, sai yatsuna suka faɗa cikin sara. Biyu a jere, ta uku a karkace. Na juya na duba. Na dubi na kusa da shi, shi ma haka. Na tashi kamar mai neman inda za ta shanya zane, na zaga rumfar. Goma sha huɗu na gani, lafiyayyu, ba wanda ya karye, baƙin babbakar murhuna yana leƙowa daga ƙasa. A wuyan wasu har da guntun igiyar rama, bakinta a yanke sumul.

Nan na gane yadda aka yi. Magaji ya aiki barorinsa su buɗe datsi don ruwa ya sauka daga shinkafarsa. Da sun tura turakun cikin ruwa, da har Nomau ya mutu yana mai turke huɗu. Amma su ma 'yan fadama ne. Ba wanda aka haifa a nan da zai ga marke mai kyau haka ya bar wa gulbi. Suka kwashe suka ɓoye, da aikin rumfa ya taso suka ɗauko abin da ke kusa.

Abu mafi wuya da na taɓa yi a rayuwata shi ne rufe bakina a ranar. Na gama shiƙata, na karɓi rabona, har na durƙusa na yi godiya. Sai da na shiga gida na faɗa wa Nomau. Ya ajiye igiyar da ke hannunsa, sannan ya ce:

"Ige, mi talaka ka yi da mai rawani? Bar ma Allah."

"Na bar mai, Maigida," na ce. "Shi na yab ba ni ƙahwa, kuma Wurno ba sama take ba. Gonar ta ubana ta, sunan naka na. In ba ka zuwa don naka, ni za ni don tawa."

Da gari ya waye na goya yarinya na kama hanya. Ban kai ƙarshen gonaki ba na ji takunsa a bayana. Muka biya ta bakin gulbi wurin Baba Arzika, tsohon masunci da ya fi kowa sanin ruwan nan. Ya ce shi ma abin ya daɗe yana cin sa, don bayan ɓallewar datsi ya bi gangare da komarsa har kusa da Wurno, ya tsamo kara da ciyawa da mushen tumaki, bai ga turke ko ɗaya ba. Ya ɗauki sandarsa ya biyo mu.

Kwana uku muka yi a ƙofar alƙalin Wurno kafin a kira mu. Wani ɗan siririn tsoho ne mai ciwon ido. Ya saurare ni har na gama, ko da yake sau biyu ana ce mini in rage murya. Bai aika wa Magaji ba tukuna. Ya haɗa mu da muhutinsa, wato mataimakinsa, muka koma tare ba sanarwa, mutumin ya zaga rumfar ya ga abin da na gani, ya sa aka tumɓuke turaku biyu masu guntun igiya aka ɗora wa jaki. Sannan aka kai wa Magaji sammaci.

Ya zo da babbar riga da mutane a bayansa, ya nufi buzun da ke gefen alƙali zai zauna. Alƙali bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Magaji, nan ba hwada ta ba. Koma can kusa ga Nomau ka zamna." Na ga rawani ya sauka a tabarma ɗaya da mijina, kuma wallahi ko a nan aka tsaya na rage zafi.

Da aka nuna masa turakun, bai yi gardamar alama ba. Ya ce barorinsa ne suka tsamo su a gangare bayan ruwa ya tafi da su. Alƙali ya tuna masa cewa a gaban jakada huɗu ya ce an kafa, to sauran goman daga ina suka fito? Magaji ya ce mai yiwuwa bai ƙirga da kyau ba. Sai aka miƙa wa Baba Arzika guntun igiyar. Ya juya ta a hannu, ya kai ta kusa da ido.

"Allah gahwarta Malam," ya ce, "tun ina yaro nike cikin ruwan ga. Shina tsinka igiya, shina karya icce. Amma ban taɓa ganin shi da wuƙa ba."

Alƙali ya sa aka ɗauko Alƙur'ani, ya ce Magaji ya yi alwala ya rantse cewa ba da umarninsa aka buɗe datsi ba. Ya fita alwala ya daɗe, har muka zaci ya gudu. Da ya dawo ya tsaya gaban Littafin, ya miƙa hannu, ya janye. Sai ya fara cewa shinkafa ce za ta nutse, bai zaci ruwan zai kai haka ba, shi ma yana da iyali.

Hukunci uku aka yanke. A mayar mini da gonar ubana. A buɗe rumbunan shinkafarsa a raba wa duk gidan da ruwa ya ci. Na ukun saboda ƙaryar ne: ya tsaya a kasuwar Taloka ranar da take ci, ya faɗa da bakinsa abin da ya yi da wanda ya ɗora wa. Maganar rawani alƙali ya ce ba tasa ba ce, ta manya ce, kuma manyan ba su taɓa cire shi ba, da abinsa ya mutu. Wannan har yau yana ci mini rai. Amma a wancan zamanin an kira shi ya zo, an ce ya zauna ya zauna. Yanzu in ka ce za ka kai mai gari ƙara, 'yan gidanku ne za su fara riƙe maka riga.

Biyun farko ya yi su ba musu. Na ukun ne ya tsaya masa a wuya. Ana jibi kasuwa sai ga liman da dattawan gari a zaurenmu. Suka ce alƙali ya yarda in wanda aka zalunta ya yafe, a bar zancen kasuwa. Magaji zai ƙara mana wata gona a gefen tamu, mu dai mu rufa masa asiri, babba ne, yana da surukai a garuruwa. Waɗannan dattawan su ne suka yi zanen ƙasa da tsinke ranar jakada. Na ji Nomau yana gyaran murya irin ta mai shirin cewa ba komai, sai na yi magana daga bayan asabari.

"Baba Liman, ku gahwarce ni. Da yat tashi ɓata sunan maigidana, ɗaki yash shiga yay yi raɗa? Gaban gari yay yi. Gona mun gode, ta ubana ta ishe mu."

Dattawa suka dubi Nomau, ana jiran mai gida ya tsawata wa matarsa. Nomau ya ce abin da ta faɗa shi ke nan. Tun da na san shi ban taɓa jin ya ƙi dattawa ba sai ranar.

Kasuwa ta cika, don labari ya riga mu zuwa, har daga Boyekai an zo. Mace mai shekaruna ba ta kutsawa tsakiyar kasuwa, don haka na tsaya a gefe wurin tsofaffi masu daddawa, yarinya a baya. Mai shela ya buga ganga, muhutin alƙali ya tsaya, Nomau yana gefensa. Magaji ya fito ya ja amawali ya rufe baki har hanci, ya yi wani gunaguni a cikin rawani, ya juya zai tafi.

"Ban jiya ba," na ce daga inda nake.

Kawuna suka juyo. Muhuti ya dube ni, ya dubi Magaji, ya ce ya sauke amawali ya sake. Ya sauke. Ya ce shi ya sa aka yanke datsi, Nomau ba shi da laifi. Na kusa da shi sun ji, amma can wajen mahauta ana ta sara nama, masu gishiri suna ta awo.

"Har yanzu ban jiya ba, ranka shi daɗe."

A karo na uku ya buɗe murya irin wadda ya yi wa jakada magana da ita. Ya ce shi Magaji shi ya aiki barorinsa suka yanke igiya suka tumɓuke turaku, ya ce aikin Nomau ba inda ya gaza, ya ce ƙarya ya yi masa a gaban gari. Mahauta suka ajiye wuƙaƙe. Masu gishiri suka tsaya da mudu a hannu. Na hangi mijina ya ɗaga kai yana duban mutane ido cikin ido, ɗaya bayan ɗaya, su ne yanzu suke sunkuyawa.

Wata tsohuwa mai daddawa ta taɓa ni ta tambaya ko ciwon kunne gare ni, ta san mai magani. Na ce mata kunnena lafiya lau, tun faɗin farko na ji.